ZARE: Mother Teresa, a yaba ko a soka?

1/
Jiya wani ya saka hoton Mother Teresa ya rubuta "uwar talakawa". Kafin awa ɗaya kwament sun rabu gida biyu. Wasu na cewa waliyyiya ce, duk mai sukarta ɗan hassada ne. Wasu na cewa 'yar damfara ce da Turawa suka hura wa kai. Na karanta har ƙasa, ban ga wanda ya ambaci majinyaci ko ɗaya ba. To ku gyara zama, zaren nan da tsawo.

2/
Bari in faɗi matsayata tun yanzu, kada wani ya ce na yi ta kewaye-kewaye. Niyyarta tsakaninta da Mahaliccinta ne, ni da kai ba mu da ma'aunin wannan. Amma kuɗin da aka damƙa mata da marasa lafiyar da suka kwanta a hannunta amana ce, ita kuwa amana ana tambayarta. A abin da ta yi da hannunta ta ci yabo. A yadda ta riƙe amanar, akwai magana.

3/
Wace ce ita tukuna? An haife ta ranar 26 ga Agusta 1910 a Skopje, wanda yanzu shi ne babban birnin Masedoniya ta Arewa. Iyayenta 'yan ƙabilar Albaniya ne, sunan yankanta Agnes Gonxha Bojaxhiu. Tana shekara 18 ta bar gida ta shiga ƙungiyar sistocin Loreto ta cocin Katolika, a 1929 ta sauka Indiya. Ba ta sake ganin mahaifiyarta ba har abada.

4/
Kusan shekara ashirin tana koyarwa a makarantar 'yan mata a Kolkata, cikin katanga, ga abinci ga wurin kwana. A bayan katangar kuwa gari na ci da wuta. Yunwar Bengal ta 1943 ta kashe mutane miliyoyi. A Agustan 1946 Hindu da Musulmi suka yi ta kashe juna a titunan birnin. A 1947 aka raba Indiya da Pakistan, 'yan gudun hijira suka cika ko'ina.

5/
Ta ce a cikin jirgin ƙasa, ranar 10 ga Satumba 1946, a hanyarta ta zuwa Darjeeling, ta ji kira a zuciyarta cewa ta fita ta zauna cikin talakawa. A 1948 ta fita ɗin. Ta ajiye kayan sistoci na Turai, ta ɗaura farin sari mai ratsin shuɗi, irin mai arha. A 1950 ta kafa ƙungiyarta, Missionaries of Charity.

6/
A 1952 ta buɗe gidan da ya fi komai yi mata suna, a unguwar Kalighat, jikin wurin bautar Kali. Sunansa Nirmal Hriday, wato tsarkakkiyar zuciya. Aikinsa ɗaya: a ɗauko wanda ke mutuwa a bakin titi, wanda asibiti ya ƙi karɓa, a yi masa wanka, a wanke masa gyambo, a ba shi abinci, ya cika a kan shimfiɗa da mutum kusa da shi.

7/
Kafin ka ce "wannan ai ba komai ba ne", tsaya. Sau nawa ka ga mutum kwance a bakin tasha ƙudaje na bin ƙafarsa ka tsallaka ɗaya hannun? Ni kam na yi, ba sau ɗaya ba. Matar nan da 'yan matan da suka bi ta hannu suke sawa su cire tsutsa daga jikin wanda ba su san sunansa ba. Yau da gobe, shekara da shekaru.

8/
Ga kutare, a ƙasar da mutane ke gudun ko inuwarsu. Ta buɗe musu wuraren zama da magani da sana'a. Har yau farin sarin da sistocin ke ɗaurawa, waɗanda suka yi fama da kuturta ne ke saƙa shi a cibiyarsu ta Titagarh, kusa da Kolkata. Ga jarirai da aka yar, ta buɗe musu gida tun 1955.

9/
A 1982, ana ruwan bama-bamai a Beirut, ta bi ma'aikatan Red Cross suka kwaso yara 37 masu naƙasa da suka maƙale a wani asibiti a yammacin birnin. A 1985, lokacin da mutane ke tsoron ko gaisawa da mai cutar AIDS, ta buɗe musu gida a New York. Waɗannan abubuwa sun faru. Ba farfaganda ba ce.

10/
Kuma waɗanda ta bari ba wasa suke ba. Ranar 4 ga Maris 2016 'yan bindiga suka shiga gidan tsofaffi da ƙungiyar ke riƙe da shi a Aden, ƙasar Yaman, suka kashe mutum 16, huɗu daga ciki sistoci. Tsofaffin da suke wa hidima 'yan Yaman ne, ƙasar Musulmi. Ana yaƙi, suna da damar tafiya, suka zauna. Wanda ke damfara ba ya zama inda za a harbe shi.

11/
Shi ya sa masu cewa "ba ta tsinana komai ba" ba na tare da ku. Ko a Kolkata ma, Jyoti Basu, ɗan gurguzu da ya shugabanci gwamnatin jihar Bengal ta Yamma daga 1977 zuwa 2000, mutumin da ba ruwansa da coci, yana girmama ta ƙwarai. Indiya ta ba ta lambar girma mafi girma, Bharat Ratna, a 1980.

12/
To yanzu masu cewa "a bar kaza cikin gashinta", ku ma ku matso. Abin da ya canja labarin nan shi ne kyamara. A 1969 ɗan jaridar Ingila Malcolm Muggeridge ya yi wa BBC fim a kanta. Duniya ta gani, kuɗi suka fara kwarara. A 1979 ta ci kyautar Nobel ta zaman lafiya. Daga nan ta tashi daga sista mai bara zuwa shugabar ƙungiya ta duniya.

13/
Lokacin da ta rasu, ranar 5 ga Satumba 1997, ƙungiyar na da sistoci kusan 4,000 da cibiyoyi wajen 600 a ƙasashe sama da 120. Riƙe wannan a ranka, don nan ne gaɓar maganar. Abin da za a yafe wa mace ɗaya marar ko sisi a 1952, ba shi za a yafe wa ƙungiyar da attajiran duniya ke layin ba ta cek a 1994 ba.

14/
Na ce 1994 da gangan. A shekarar Dr Robin Fox, editan The Lancet, ɗaya daga cikin manyan mujallun likitanci na duniya, ya je gidan Kalighat da ƙafarsa ya rubuta abin da ya gani. Ya yaba tsafta da kula da raunuka da tausayin sistocin. Mutumin bai je da gaba ba. Amma ya fito da abu biyu masu nauyi.

15/
Na ɗaya: babu tsarin binciken ciwo yadda ya kamata. Ba a tantance wanda ciwonsa zai warke da wanda ba zai warke ba. Ka gane haɗarin? Mai zazzaɓin cizon sauro ko tarin fuka, wanda magani zai tayar, yana iya kwanciya a layi ɗaya da mai ciwon ajali, a yi ta shafa masa kai har ya tafi. Tausayi ya samu, magani bai samu ba.

16/
Na biyu: babu magungunan kashe zafin ciwo masu ƙarfi. A gidan da aka buɗe don masu mutuwa, ciki har da masu ciwon daji. Wata 'yar Ingila da ta yi aikin sa-kai a can, Mary Loudon, ta ce ta ga ana ɗauraye allura a famfo a sake soka wa wani. Wannan ba tsada ba ce. Tafasa ruwa nawa yake ci?

17/
Maganar zafin ciwo ba a littafi na karanta ba. Na yi jinyar kawuna wata uku, ciwon daji. Akwai daren da maganinsa ya ƙare, mutum mai shekara sittin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ya dinga kiran sunan mahaifiyarsa da ta rasu tun ina goye. Na riƙe hannunsa, na yi addu'a. Wallahi ya ji daɗin hannun, amma allurar yake nema.

18/
Tun daga daren nan, duk wanda zai yi mini wa'azin kyawun wahala sai na duba ko shi ne a kan gadon. Jiki magayi. Riƙe hannun mai mutuwa aiki ne babba, ban raina ba. Amma idan kana da halin kawo allurar ka tsaya a riƙe hannu kawai, dole a tambaye ka dalili.

19/
Adalci dai: masu kare ta suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. A 1985 Indiya ta yi dokar miyagun ƙwayoyi mai tsauri da ta sa samun mofin ya zama jidali, har manyan asibitoci da yawa suka haƙura da ajiye shi saboda tarin lasisi. Sai a 2014 aka sassauta. Ke nan rashin mofin ba a gidanta kaɗai yake ba, ƙasar ce gaba ɗaya.

20/
Suna kuma cewa ita ba ta taɓa cewa asibiti ta buɗe ba. Gida ne na waɗanda asibiti ya kora. Ta sha faɗa cewa su ba ma'aikatan jin daɗin jama'a ba ne, masu ibada ne. Kuma alhakin lafiyar mutanen Kolkata a wuyan gwamnati yake, ba a wuyan sista ba. Duk na yarda.

21/
Amma amsar ba ta kai ƙarshe ba. Matar da ke ɗaga waya ta samu shugabannin ƙasashe, wadda Fafaroma ya je har gidanta na Kalighat a 1986, lasisin mofin ne zai gagare ta da ta sa kanta? Ko ɗaukar likitoci na dindindin? Ko ɗakin gwajin jini guda ɗaya? Ba rashin hali ba ne. Zaɓi ne, kuma zaɓin yana da tushe a fahimtarta.

22/
A fahimtarta wahala hanya ce ta kusantar Allah. A 1981, a Washington, ta faɗa wa 'yan jarida cewa tana ganin kyau a yadda talaka ke rungumar halin da yake ciki, kuma duniya na amfana da wahalarsa. Ita da bakinta take ba da labarin wata mai ciwon daji da ta ce wa zafin nan sumbatar Yesu ce, matar ta roƙe ta ta ce masa ya daina.

23/
Mutum yana da 'yancin ya zaɓar wa kansa talauci da wahala don ibada. Ita ta zaɓa, ɗakinta ɗan ƙarami ne, kayanta ba su cika akwati ba. Matsalar ita ce wanda aka ɗauko daga kwata bai yi wannan alkawari ba. Shi talauci faɗo masa ya yi. Kai ka ɗauki azumin nafila, ba ka ɗaukar wa maƙwabcinka.

24/
Sannan da nata jikin ya motsa fa? Ta samu bugun zuciya a Rum a 1983, aka sa mata na'urar daidaita bugun zuciya a 1989, a 1991 ta kwanta a wani babban asibiti a California. Na kusa da ita sun ce ba ta so, matsa mata ake yi. Zai yiwu. Ni ban ce kar a yi mata magani ba. Tambayata: wa ya matsa don na kan tabarmar Kalighat?

25/
Mu zo kan kuɗi. Har ta rasu ƙungiyar ba ta fito da cikakken lissafin abin da ta tara a duniya da yadda ta kashe shi a bainar jama'a ba. Mujallar Stern ta Jamus ta bi sawun kuɗin a 1998, ta fito da tambayoyi fiye da amsoshi. Susan Shields, wadda ta yi sama da shekara tara tana sista a ciki, ta ce gudummawa na taruwa a banki ana ci gaba da rayuwar babu.

26/
A lura: babu wanda ya kawo hujjar cewa ta ci kuɗin. Ba gida, ba mota, ba dangin da suka yi arziki. Zargin ba na sata ba ne. Zargin shi ne wanda ya aiko da kuɗinsa yana zaton magani za a saya, ba a gaya masa inda suka tafi ba. Kuɗin sadaka da aka ajiye alhali mai buƙata na nishi, shi ma wani nau'in tauye amana ne.

27/
Kuma daga hannun wa ake karɓa? Charles Keating, attajirin Amurka, ya ba ta sama da dala miliyan ɗaya. Daga baya aka gurfanar da shi kan damfarar dubban mutane, da yawansu tsofaffi da suka zuba kuɗin fanshonsu. A 1992 ta rubuta wa alƙali Lance Ito takarda tana nema masa sassauci.

28/
Ɗaya daga cikin masu gabatar da ƙara, Paul Turley, ya mayar mata da amsa cikin ladabi. Ya bayyana mata cewa kuɗin nan na mutanen da aka cuta ne, ya ce ta mayar, zai haɗa ta da masu su. Bai samu amsa ba. Nan kam ban ga ta inda za a kare ba. Waɗancan tsofaffin su ma ai talakawa aka mayar da su.

29/
A 1981 ta je Haiti ta karɓi lambar yabo daga Jean-Claude Duvalier, ta yabi iyalinsa da son talakawa. Shekara biyar bayan nan talakawan suka kore shi daga ƙasar saboda zalunci da wawure dukiya. A 1989 ta sa furanni a kabarin Enver Hoxha, mutumin da ya haramta addini a Albaniya, ya rufe masallatai da coci-coci.

30/
Masu kare ta na cewa ita ba 'yar siyasa ba ce, ƙofa take nema ta shiga wurin mabuƙata, ko ta hannun wa. Akwai gaskiya ciki, don bayan ziyarar Albaniya sistocinta sun samu shiga ƙasar. Amma azzalumi ba don Allah yake ɗaukar hoto da mutumin kirki ba. Sabulu yake nema. Mu nan ai mun san wannan, muna gani duk lokacin zaɓe.

31/
Akwai zargin da na san shi ya fi tsaya wa wasunku: cewa ana yi wa masu mutuwa baftisma a ɓoye. Susan Shields ta ce an koya musu hakan. Ƙungiyar ta musanta, kuma Navin Chawla, ɗan Hindu da ya rubuta tarihinta, wanda ya taɓa shugabantar hukumar zaɓen Indiya, ya tsaya mata. A Kalighat ana miƙa gawar Musulmi ga Musulmi, ta Hindu ga Hindu.

32/
Matsayata a nan gajeriya ce. Duk inda aka yi wa wanda ba ya cikin hayyacinsa wani abu na addini ba da yardarsa ba, kuskure ne, ko wane addini ne ya yi. Amma a kula da masu rura wannan magana a Indiya yau. A 2015 shugaban RSS Mohan Bhagwat ya ce burinta juyar da mutane ne. Su waɗannan, Musulmin Indiya ma ba su tsira daga bakinsu ba.

33/
Su ma manyan masu sukar a auna su. Christopher Hitchens, wanda ya yi fim a kanta a 1994 da littafi a 1995, ba ya ga maciji da addini kowane iri, har da naka. Wannan bai mayar da takardar Keating ƙarya ba. Aroup Chatterjee kuwa likita ne haifaffen Kolkata, haushinsa har da yadda aka mayar da garinsu alamar ƙazanta a idon duniya.

34/
Kuma yana da hujja. Labarin ya yi wa Turai daɗi: farar mace ta je ceton baƙaƙen fata. Ramakrishna Mission da sauran ƙungiyoyin 'yan ƙasa sun daɗe suna riƙe da asibitoci da makarantu a Bengal, wa ya san su a waje? Mu 'yan Afirka mun san zafin a ɗauki hoton yaro da ƙuda a ido a ce shi ne nahiyarmu.

35/
Wani zai ce, to ai wanda bai yi komai ba bai isa ya soki wanda ya yi ba. Na ji. Mu kawo waɗanda suka yi. Cicely Saunders, Kirista ce mai riƙo da addini sosai, ta buɗe St Christopher's a Landan a 1967, gidan masu jiran ajali. Ta haɗa addu'a da ilmi: a ba da maganin zafi a kan lokaci, kafin ciwon ya taso. Imani bai hana ta ba.

36/
Ga Abdul Sattar Edhi a Karachi. Ya wanke gawawwakin da ba mai su, ya ajiye gadon jarirai a ƙofar cibiyoyinsa don kar a yar da su a bola, ya gina rundunar motocin ɗaukar marasa lafiya da babu irinta a Pakistan. Ba ya karɓar kuɗin gwamnati. Da ƙodarsa ta gaza aka yi masa tayin fita waje, ya ƙi, ya rasu a Karachi a Yulin 2016.

37/
Don Allah kar wani ya yanko wannan ya ce "namu ya fi naku". Ba gasar addini na kawo ba, shi ya sa na jera Kirista da Musulmi. Abin da suke nunawa shi ne ana iya tausayi tare da tsari, ana iya hidima a kuma ce wa mai mulki riƙe kuɗinka. Tunda an yi, to tambayar me ya sa ita ba ta yi ba halas ce.

38/
Batun waliyyantaka fa? Fafaroma John Paul na biyu ya ɗaga ta zuwa matakin da ke gab da waliyyantaka a 2003, Fafaroma Francis ya ayyana ta waliyyiya ranar 4 ga Satumba 2016. Wannan hukuncin cocin Katolika ne bisa ƙa'idarsu, ba ni da ta cewa. Abin lura dai, ita kanta fadar Vatican ta kira Hitchens ya ba da shaida a kanta kafin a yanke. Su sun saurari suka. Kai me ya sa kake toshe kunne?

39/
Wani abu da ya sa na kasa kallonta a matsayin 'yar wasan kwaikwayo: wasiƙunta na sirri da aka buga a 2007. Sun nuna ta yi kusan shekara hamsin tana jin duhu da bushewa a zuciya, tana jin kamar Allah ya yi nisa da ita, amma kullum da asuba ta tashi ta koma aiki. Ta so a ƙona wasiƙun. Mutum ce, da rauninta, ba gunki ba.

40/
To mu ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne kullum a nan ana saka hoton marar lafiya da lambar akawun. Muna turawa, Allah ya saka wa masu tarawa, da yawansu sun ceci rayuka. Amma ranar da wani ya ce "nawa aka tara, ina rasit?" sai a yi masa caa: ɗan hassada, maƙiyin alheri, kai me ka taɓa bayarwa? Wannan ita ce cutar da ta hana a gyara Kalighat da wuri.

41/
Kuma addinanmu ba su koya mana haka ba. Annabi (SAW) ya aiki wani sahabi, Ibnul Lutbiyya, karɓar zakka. Da ya dawo aka yi lissafi da shi, ya ware wani abu ya ce kyauta aka ba shi, Annabi ya hau mumbari ya yi gargaɗi a kai. Sahabi ne fa. In an bincike shi, wane ne shugaban gidauniyar unguwarku?

42/
'Yan'uwa Kirista ku ma kun sani. Da Manzo Bulus ya tara gudummawa don mabuƙatan Urushalima, bai ɗauka shi kaɗai ba. Ya sa ikilisiyoyi sun zaɓi mutanen da za su raka kuɗin, don kar a samu abin zargi. Mai gaskiya ba ya jin haushin lissafi, shi ke fara kawo shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

43/
Saboda haka kafin ka tura kuɗi, ko bayan ka tura, tambayi abu huɗu. Nawa aka tara? Ina aka kai, da shaida? Akwai wanda ya san aikin a ciki, likita ko nas ko malami? Shi wanda ake taimakon, an tambaye shi abin da yake so, an nemi izininsa kafin a watsa hotonsa? Wanda ya fusata da waɗannan, ka riƙe kuɗinka ka kai wani wuri.

44/
Kai kuma mai suka, suka ba ta sauke maka naka nauyin. Yana da sauƙi ka zauna da waya ka kira matar da ta yi kusan shekara hamsin cikin gyambo da amai "muguwa". In ka gama karanta laifinta, akwai asibiti a garinku da majinyacin da ba mai kawo masa abinci. Ranar Asabar ka leƙa. Ka tafi da kuɗin magani, ba addu'a kaɗai ba.

45/
Hukuncina: na yaba mata a kan mutanen da ta ɗauko daga titi lokacin da kowa ke tsallake su. Na soke ta a kan allurar da ba a tafasa ba, da maganin da ba a nema ba, da lissafin da ba a bayar ba, da takardar Turley da ba a amsa ba. Duka biyun mace ɗaya ce ta yi su, kuma ba sai na goge ɗaya kafin in faɗi ɗaya ba.

46/
In kana da hujjar da ta saɓa wa abin da na kawo, ajiye ta a ƙasa, zan karanta, in na yi kuskure in gyara. Zagin addinin wani kuwa, ko na wane ɓangare, zan goge in toshe mai shi. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan kawu.